Trastuzumab da Zuciyar Ɓera: Nazarin Wata Illa da Gwajin Dabbobi Bai Hango Ba

A watan Satumba na shekarar 1998 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wani sabon maganin sankarar mama mai suna trastuzumab, wanda kamfanin Genentech ya fitar da shi kasuwa da sunan Herceptin. Maganin ya zo da farin jini, domin an ƙera shi ne ya nufi furotin guda ɗaya da ke jikin ƙwayoyin sankara, saɓanin magungunan kemo da aka saba da su, waɗanda ba su bambance ƙwayar cuta da lafiyayya matuƙar dai tana saurin rabuwa. Sai dai takardar da ke cikin kwalin ta fito da gargaɗi a kewaye da baƙin layi, cewa maganin yana iya raunana zuciya. Ba a jikin dabbobin da aka gwada shi a kansu aka ga wannan illa ba, a jikin matan da suka shiga babban gwajin asibiti aka fara ganinta. Abin da ya sa lamarin ya cancanci nazari shi ne, ɓeraye suna cikin labarin tun daga farkonsa har ƙarshensa, wasu sun ɓoye illar, wasu sun nuna alamarta tun shekara uku kafin a amince da maganin, wasu kuma sai daga baya aka ƙirƙiro su domin su bayyana dalilinta.

Asalin maganar yana komawa farkon shekarun 1980, lokacin da ɗakin binciken Robert Weinberg a jihar Masacusets ya gano wata ƙwayar gado mai haddasa sankara a cikin ƙarin jijiyoyin manyan ɓerayen gwaji, waɗanda jinsinsu daban ne da ƙananan da wannan nazari ya fi shafa, aka sanya mata suna neu. A 1985 Axel Ullrich da abokan aikinsa a Genentech suka zaƙulo takwararta a jikin mutum, wadda aka sani yau da HER2 ko ErbB2. Aikinta shi ne samar da wani furotin da ke zaune a fatar ƙwayar halitta yana taya karɓar saƙon da ke cewa ta girma ko ta rabu. A 1987 Dennis Slamon, likitan sankara a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelos, ya binciki ƙarin mama 189, ya tarar cewa a kusan kashi 30 cikin 100 na su wannan ƙwayar gado ta ninka kanta fiye da ƙima, kuma matan da ke da irin wannan ƙari cutar ta fi saurin dawo musu, sun kuma fi saurin rasuwa. Ƙididdigar da ake amfani da ita yanzu ta ɗan yi ƙasa, tsakanin kashi 15 zuwa 20 cikin 100. Shekara guda bayan aikin Slamon, William Muller da Philip Leder a Jami'ar Harvard suka saka neu mai aiki babu tsayawa a cikin ƙwayoyin gadon ɓeraye ta yadda za ta kunnu a nononsu, sai ɓerayen suka fito da sankarar mama. Wannan ya ƙarfafa fahimtar cewa HER2 ba alama ce kawai ta mugun ƙari ba, tana cikin abin da ke tura shi.

Da aka san abokin gaba, sai neman makami. Hanyar da aka bi ita ce a yi wa ɓera allurar ƙwayoyin da ke ɗauke da HER2 na mutum, a bar garkuwar jikinsa ta ƙera makaman da za su maƙale masa, sannan a zaɓi wanda ya fi hana ƙwayar sankara girma. Wanda aka zaɓa shi ne mai lamba 4D5, daga aikin rukunin Michael Shepard. Da yake jikin mutum yana yaƙar furotin ɗin ɓera idan aka yi ta zuba masa shi, Paul Carter da abokansa suka sake masa gini a 1992, suka bar ɗan bakin da ke kama HER2 daga na ɓera, sauran kusan kashi 95 cikin 100 suka mayar da shi na mutum. Akwai wani abu a nan da ya kamata a riƙe, domin shi ne mabuɗin duk abin da ya biyo baya. Garkuwar jikin ɓera ba ta ƙera makami domin yaƙar naman ɓeran kansa, abin da ta ga baƙo ne take kamawa. Saboda haka makamin da ta samar ya kama wani sashe na HER2 na mutum wanda ya bambanta da na ɓera, kuma trastuzumab, wanda ya gaji wannan baki, ba ya kama ErbB2 na ɓera.

Ɓeran da aka fi gwada maganin a kansa shi ne wanda ba shi da gashi, wanda aka fara lura da shi a birnin Gilasgo na Sikotlan a 1962. Daga baya aka gano cewa ba gashi kaɗai ya rasa ba, ba shi da wata 'yar gaɓa ta cikin ƙirji da ke horar da wani rukuni na sojojin jini, don haka jikinsa ba ya iya korar baƙon nama. A 1969 Rygaard da Povlsen a ƙasar Denmak suka dasa masa ƙarin mutum ya kama, kuma tun daga nan ya zama abin aikin masu neman maganin sankara. Ana ɗura ƙwayoyin sankarar mutum a ƙarƙashin fatarsa, bayan 'yan makonni ƙullutu ya taso kamar ƙwayar gyaɗa, ana ganinsa ƙuru-ƙuru tunda babu gashin da zai rufe shi. Sau biyu ko uku a mako mai bincike zai kama ɓeran ta fatar wuya, ya sa ma'auni mai baki biyu kamar awartaki ya auna tsawon ƙullutun da faɗinsa, ya rubuta. A irin wannan gwaji, wanda José Baselga da abokansa suka wallafa a 1998, an ga cewa idan aka haɗa sabon maganin da ɗaya daga cikin magungunan kemo biyu, paclitaxel ko doxorubicin, ƙarin ya fi lafawa fiye da a ba da kowanne shi kaɗai. Sakamakon gaskiya ne, kuma asibiti ya tabbatar da shi. Amma a cikin jikin wannan ɓera, abu ɗaya tak ne ke ɗauke da HER2 na mutum, wato ƙullutun da aka dasa. Zuciyar ta ɓera ce, maganin yana ratsa ta a cikin jini ya wuce bai taɓa komai ba. Ko da an yi wa ɓeran hoton zuciya kullum safe da yamma, lafiya lau za a gan ta.

Babban gwajin asibiti ya fara ne a 1995, mata 469 masu sankarar da ta riga ta bazu suka shiga, aka raba su gida biyu, wasu kemo kaɗai, wasu kemo tare da trastuzumab. Da aka wallafa cikakken sakamakon a 2001, amfanin ya fito fili: matsakaicin lokacin da cutar ke ɗauka kafin ta ci gaba ya tashi daga wata 4.6 zuwa wata 7.4, matsakaicin tsawon rai kuma daga wata 20.3 zuwa wata 25.1. Sai dai tun ana tsakiyar gwajin likitoci suka fara kai rahoton mata masu haki, da kumburin ƙafa, da kasa kwanciya sai an tara musu matashin kai, waɗanda duk alamun gazawar zuciya ne. Da yake babu wanda ya yi tsammanin haka, ba a tsara auna zuciyar kowace mace a kai a kai ba, sai kwamiti aka kafa ya koma ya bi takardun marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya. A cikin matan da aka ba su trastuzumab a lokaci guda da kemo irin na doxorubicin, kashi 27 cikin 100 zuciyarsu ta raunana, alhali a cikin waɗanda aka ba wannan kemo shi kaɗai kashi 8 ne. A wajen masu shan paclitaxel, kashi 13 ne da sabon maganin, kashi 1 ba tare da shi ba. Mace ɗaya cikin huɗu ba ƙaramin adadi ba ne, kuma wasu daga cikinsu an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago.

Shi doxorubicin ba baƙo ba ne a wannan fage. Jan ruwa ne da aka samo daga wata ƙwayar bakteriyar ƙasa a Italiya a ƙarshen shekarun 1960, kuma tun a shekarun 1970 aka san cewa yana taruwa ya lalata tsokar zuciya, shi ya sa likitoci ke lissafa jimillar abin da mutum ya sha a rayuwarsa, suna tsayawa kafin ya kai miligiram 550 a kowace murabba'in mita ta faɗin jiki, yawanci ma ƙasa da haka nesa. Abin da ba a fahimta ba shi ne yadda makamin da aka ƙera domin ƙwayar sankara kaɗai ya ninka wannan ɓarna fiye da sau uku.

Abin mamakin shi ne, a watan Nuwamba na 1995, shekarar da aka fara ɗaukar mata a gwajin, mujallar kimiyya ta Nature ta buga rahotanni uku a fitowa guda, dukkansu a kan ɓeraye. Kuo-Fen Lee na Cibiyar Salk da ke Kalifoniya ya kashe ErbB2 gaba ɗaya a jikin ɓera. Carmen Birchmeier da Dirk Meyer a Jamus suka kashe neuregulin, wato saƙon da ake aikowa. Martin Gassmann da abokansa suka kashe ErbB4, wanda shi ne abokin da ErbB2 ke haɗa kai da shi wajen karɓar saƙon. Cikin ɓera kwana 19 zuwa 20 ne, amma a duk gwaje-gwajen uku 'yan tayin suka mutu a wajen kwana na goma ko sha ɗaya, kuma da aka yanka zuciyarsu aka duba a madubin ƙara girma, sai aka tarar cikinta sumul, babu 'yan zaruruwan tsoka da ya kamata su fito su sarƙe bangon ciki. Ɗakunan bincike uku, ƙwayoyin gado uku, cuta ɗaya. Ma'anarsa ita ce, bangon cikin zuciya yana aika neuregulin zuwa ga ƙwayoyin tsoka, su kuma suna karɓa ta hanyar ErbB4 da ErbB2, kuma in an yanke wannan zance zuciya ba ta ginuwa.

Yana da sauƙi yau mutum ya ce ai ga gargaɗi nan a rubuce, me ya hana a karanta. Adalci dai shi ne a tuna cewa waɗanda suka yi wannan aiki masu nazarin yadda ɗan tayi ke ginuwa ne, tambayarsu ta fi karkata ga jijiyoyi, ba su da alaƙa da ɗakin masu sankara. Sannan adadin ErbB2 a zuciya yana raguwa sosai bayan haihuwa, don haka ba wauta ba ce a ɗauka cewa aikinsa ya ƙare da zarar ginin ya kammala, kamar yadda ake kwance katakon da aka tokare rufi da shi idan siminti ya bushe. Duk da haka, a ganina akwai sakaci a nan, ko da ba na mutum ɗaya ba ne. An san za a haɗa sabon maganin da doxorubicin, an san halin doxorubicin da zuciya, kuma ga shaida a buge cewa furotin ɗin da ake shirin toshewa yana da hannu a rayuwar tsokar zuciya. Wannan bai isa a dakatar da gwajin ba, amma ya isa a ce kowace mace a yi mata hoton zuciya kafin a fara da kuma bayan kowane 'yan watanni, abin da ba shi da tsada idan aka kwatanta da kuɗin gwajin kansa.

Ɗan tayin da ya mutu a kwana na goma ba zai iya faɗin abin da ErbB2 ke yi a zuciyar babba ba, don haka aka bukaci wani ɓeran daban. Dabarar da ta ba da dama ta samu ne a tsakiyar shekarun 1990: ana sanya wa ƙwayar gadon da ake so a cire alamomi biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, sannan a haɗa wannan ɓera aure da wani mai ɗauke da furotin Cre, wanda ke aiki kamar almakashi yana yanke duk abin da ke tsakanin alamomin biyu. Idan aka ɗaura almakashin a kan makunnin da ba ya kunnuwa sai a tsokar zuciya, to a zuciya kaɗai za a yi yankan, sauran jiki ya zauna yadda yake. A 2002 rukunoni biyu suka fitar da sakamako, na Steven Crone da Kuo-Fen Lee tare da Kenneth Chien a Kalifoniya, da na Cemil Özcelik da Birchmeier a Balin. An haifi ɓerayen da rai, suka girma, a ido babu abin da ya bambanta su da 'yan'uwansu. A nan ne hoton zuciya ya shigo, domin ɓera ba ya cewa yana haki, kuma ba ya hawa bene balle a ga ya tsaya hutawa.

Ɗaukar hoton zuciyar ɓera aiki ne na haƙuri. Zuciyar ba ta fi ƙwayar wake ba, nauyinta bai kai kashi ɗaya cikin biyar na giram ba, tana kuma bugawa sau 500 zuwa 600 a minti, inda ta mutum ke yin 60 zuwa 100. Na'urar da ake duba zuciyar mutum da ita tana aika sautin da ke kaɗawa sau miliyan 2 zuwa 5 a daƙiƙa, amma ta ɓera a yau tana kai miliyan 30 zuwa 40, domin sai da haka za a iya rarrabe bangon da kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba. Ana shafa wa ɓeran man cire gashi a ƙirji, a sa masa hanci a cikin 'yar mazurarin da ke fitar da iskar sa barci, a kwantar da shi rigingine a kan faranti mai ɗumi, a manne tafukansa huɗu a kan ƙarafan da ke ɗaukar bugun zuciya. Har man da ake shafawa kafin a ɗora na'urar sai an ɗumama shi, domin jikin ɓera yana saurin yin sanyi, kuma da zarar ya yi sanyi ko barcin ya yi nauyi bugun zuciya zai sauka, lafiyayyar zuciya ta fito a allo kamar mai ciwo. Shi ya sa mai aikin da ya san abin da yake yi idonsa ɗaya yana kan hoton, ɗayan yana kan lambar bugu, in ta faɗi ƙasa da wajen 400 ya rage iskar ya jira. Abin da ake nema shi ne faɗin babban ɗakin hagu na zuciya lokacin da ya cika da jini, wanda a lafiyayyen ɓera bai wuce milimita huɗu ba, da faɗinsa lokacin da ya matse, sannan daga bambancin a lissafa ƙarfin matsawar. Na'urorin 2002 ba su kai na yau kaifi ba, amma sun isa su nuna abin da ke akwai.

Abin da suka nuna kuwa shi ne ɗakin zuciya ya buɗe, bango ya sirance, matsawa ta ragu, wato siffar zuciyar da ta saki ta kumbura, irin wadda likitocin zuciya ke gani a jikin mutane. Muhimmancin hoton ya wuce ganin ciki ba tare da yanka ba. Na farko, ana iya duba ɓera ɗaya a wata na ɗaya, a sake duba shi a na uku da na shida, a ga yadda ciwon ke tafiya, maimakon a kashe rukuni a kowane mataki ana kwatanta dabbobi daban-daban, abin da ke rage yawan ɓerayen da ake bukata. Na biyu, kuma wannan ya fi, ma'aunin da ake karantawa a allon ɓera shi ne wanda ake karantawa a allon mace mai shan magani, saboda haka masu binciken ɗakin gwaji da likitocin asibiti suka sami harshe ɗaya da za su yi magana da shi. Rukunin Crone ya ƙara da wani gwaji: suka ciro ƙwayoyin tsokar zuciyar waɗannan ɓeraye suka zuba musu kemo irin na doxorubicin, sai suka fi na lafiyayyun ɓeraye saurin mutuwa. A wannan shekarar dai Douglas Sawyer a Bostan ya nuna cewa toshe ErbB2 a ƙwayoyin zuciyar manyan ɓeraye yana ƙara wargaza zaruruwan tsokar da doxorubicin ya taɓa, neuregulin kuma yana rage ɓarnar.

Daga nan aka sami bayanin da har yau ake koyarwa. Saƙon neuregulin da ErbB2 ba na gini kaɗai ba ne, na gyara ne ma, shi ne abin da tsokar zuciya ke dogaro da shi idan ta shiga wahala. Doxorubicin yana ji mata rauni, trastuzumab kuma yana rufe hanyar da mai gyara zai biyo, don haka idan aka ba da su a lokaci guda ɓarnar ta fi ta kowanne nesa. Ɗaya ɓangaren, wato yadda doxorubicin ke yin raunin tun farko, shi ma ɓera ne ya ƙara haskaka shi a 2012, lokacin da rukunin Edward Yeh a cibiyar sankara ta MD Anderson da ke Hustan ya cire wani furotin mai warware murɗewar zaren gado, Top2β, daga tsokar zuciyar ɓeraye, ya tarar cewa zuciyarsu ta jure maganin ba ta raunana kamar ta sauran ba.

Sai dai bai kamata a ba ɓera ladan da ba nasa ba. Canjin da ya ceci zukatan mata a asibiti daga alƙaluman gwajin farko ya fito, tun kafin a haifi ɓerayen 2002: aka daina ba da magungunan biyu a lokaci guda, aka hana masu raunin zuciya shiga gwaji, aka wajabta hoton zuciya. A manyan gwaje-gwajen da aka wallafa a 2005, inda aka ba mata trastuzumab bayan tiyata, dawowar cutar ta ragu da kusan rabi, kuma a ɗaya daga cikinsu gazawar zuciya mai tsanani ta kama kashi 4.1 cikin 100, a kan kashi 0.8 na waɗanda ba su sha ba. Wani gwajin da Slamon ya jagoranta, mai mata 3,222, ya gwada barin doxorubicin gaba ɗaya a musanya shi da wasu magungunan kemo, docetaxel da carboplatin, sai adadin ya sauka zuwa kashi 0.4, inda masu shan doxorubicin kafin trastuzumab suka sami kashi 2. Ɓeran ya ba da dalili, ya kuma nuna cewa illar daga ainihin aikin maganin take, ba daga wani gurɓataccen abu da za a iya tacewa ba, amma ba shi ya yanke hukuncin ba.

Ko dalilin ma bai cika cif ba. Ɓeran da aka cire wa ErbB2 ya rasa shi ne tun yana ƙarami kuma har abada, ita kuwa mace tana shan maganin ne na shekara guda, sau da yawa tana da shekara hamsin ko fiye, mai yiwuwa da hawan jini ko ciwon suga, abubuwan da matashin ɓeran keji mai cin abinci iri ɗaya da 'yan'uwansa ba shi da su. A yawancin mata zuciyar tana farfaɗowa idan aka dakatar da maganin, abin da ya sa Michael Ewer da Scott Lippman suka ba da shawara a 2005 a raba illar gida biyu, ta doxorubicin mai kashe ƙwayar tsoka da ta trastuzumab mai kasalar da ita, ko da yake likitoci da dama sun ga rabon ya yi sauƙi da yawa, tunda akwai matan da zuciyarsu ba ta koma daidai ba. Haka kuma lapatinib, wanda shi ma HER2 yake toshewa amma ta cikin ƙwaya, bai cika taɓa zuciya kamar trastuzumab ba, abin da bayanin cire ƙwayar gado kaɗai ba zai warware ba. Domin cike wannan giɓi, wasu sun koma ga ɓerayen da aka saka musu HER2 na mutum, wasu kuma sun bar ɓera gaba ɗaya: a 2019 rukunin Joseph Wu a Jami'ar Stanford ya mayar da ƙwayoyin jikin marasa lafiya zuwa tsokar zuciya mai bugawa a faranti, ya ga trastuzumab yana rage mata ƙarfin matsawa da sarrafa makamashi ba tare da ya kashe ta ba.

Ita ma hanyar kallon ƙari a jikin ɓera ta canza tun daga zamanin awartaki. Yanzu ana saka wa ƙwayoyin sankara ƙwayar gadon ƙwaron nan mai walƙiya da dare, a yi wa ɓeran allurar abincin wannan haske, a sa shi a akwati mai duhu, kyamara ta ɗauki ɗan hasken da ke ratsowa ta fata, a ga ƙarin ko da ya shiga huhu ko ƙashi. Dabara ce mai kyau ƙwarai, amma tana da makanta irin ta da: abin da aka sa wa fitila shi kaɗai ke haske, zuciyar tana nan a cikin duhun hoton sai in wani ya yi niyyar ɗora mata na'urarta daban. Ɗakunan binciken da suka ɗauki darasin trastuzumab suna haɗa biyun a kan ɓera ɗaya, kuma kafin su fara suna tambaya ko maganin yana kama furotin ɗin dabbar da za a gwada shi a kanta.

Lamarin ya shafe mu kai tsaye. Sankarar mama ita ce ta fi kowace sankara kama mata a Nijeriya, doxorubicin yana cikin magungunan da aka fi ba su saboda sauƙin kuɗinsa, trastuzumab kuma, wanda tsadarsa ta daɗe tana hana yawancin iyalai kusantarsa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna a 2015, sannan a watan Disamba na 2019 ta tantance kwatankwacinsa na farko mai rahusa. Arewacin ƙasar kuma wuri ne da aka daɗe da sanin yawan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, tun binciken da aka yi a Zariya a shekarun 1970, ga hawan jini da mutane da yawa ke yawo da shi ba su sani ba. Mace na iya zuwa ɗakin masu sankara da zuciyar da ta riga ta sha wahala, ba tare da ita ko likitanta sun sani ba, in ba a ɗora mata na'ura ba. Ƙa'idar da ke rubuce a takardar maganin ita ce a auna kason jinin da ɗakin hagu ke turawa a kowane bugu kafin allurar farko, a maimaita duk bayan wata uku. Idan ya faɗi da maki 16 ko fiye daga inda ya fara, ko ya faɗi da maki 10 kuma ya sauka ƙasa da iyakar lafiya, ana dakatar da maganin na aƙalla mako huɗu a sake dubawa, sannan idan cikin mako huɗu zuwa takwas ya dawo daidai, a ci gaba da allurar.